Masu Fito na Birnin Sidni

Teku bai tsaya a bakin ƙofar Sidni ba, har tsakar gida ya shigo. Ta gabas ya ratso, tsakanin wasu manyan duwatsu biyu da ke kallon juna, ya miƙa yamma yana rassa hagu da dama, ya yanyanka ƙasar lungu-lungu. Sai ka tsaya a wata unguwa kana hangen wata ƙiri-ƙiri, har kana iya ƙirga tagogin gidajenta, amma in ka ce ta ƙasa za ka je mata, ka ɗauko doguwar hanya. Shi ya sa tun ran da aka kafa garin a 1788 har zuwa 1932, shekara 144 ke nan, wanda duk ke son tsallakawa daga tsakiyar gari zuwa gaɓar arewa kai tsaye, sai ya nemi mai fito.

Baƙo a yau daga Circular Quay yake fara komai. Nan ne matattara: jirgin ƙasa a sama, bas da taragon lantarki na kan titi a ƙasa, matsayar jiragen ruwa a jere daga lamba 2 zuwa 6, Gidan Opera ta hannun dama, gada ta hagu. Jirage iri biyu ne ke jiran mutum a wurin. Akwai na 'yan yawon buɗe ido, masu lasifika da abinci da tsada. Akwai kuma masu launin kore da ruwan ɗorawa, na haya, waɗanda ma'aikata da 'yan makaranta ke shiga safe da yamma. Ni dai na biyun nake shiga, kuma su nake gaya wa kowa ya shiga. Araha na ciki, ba na musu. Amma babban dalilin shi ne hanyoyin da suke bi ba don baƙo aka shata su ba. Bukatar mutanen gari ce ta shata su shekara da shekaru, kuma kowace matsaya da dalilin da ya sa aka kafa ta.

Waɗanda suka fara mallakar wannan ruwa mata ne. Kafin zuwan Turawa, ƙabilun da ake haɗawa a kira Eora ne ke zaune a gaɓar, Gadigal ta kudu, Cammeraygal ta arewa, da wasunsu. Kwale-kwalensu, wanda suke kira nawi, ɓawon itace ne guda ɗaya a ɗaure baki biyu, ya kusa shafar ruwa saboda ƙanƙanta. Maza sun fi kamun kifi da mashi daga kan duwatsu. Mata su ne ke shiga tsakiyar ruwa da igiya da ƙugiyar da suka sassaƙa daga katantanwar teku, ga jariri a cinya, ga 'yar wuta tana ci a kan yumɓu a tsakiyar jirgin, ana gasa kifi nan take. Hafsoshin Ingila da suka gani sun raina jirgin a rubuce-rubucensu, amma sun kasa ɓoye mamakin yadda matan ke ratsa raƙuman ruwa da shi ba tare da ya kife ba.

Cikin waɗannan mata akwai Barangaroo, matar Bennelong. Wani hafsa mai suna Watkin Tench ya ba da labarin ranar da aka yi wa wani fursuna Bature bulala a bainar jama'a saboda ya saci kayan kamun kifin wata 'yar ƙasa. Turawan sun ɗauka za a yaba musu adalci. Maimakon haka, mai kayan ta fashe da kuka, ita kuwa Barangaroo ta rarumo sanda ta yi kan mai bulalar. Agana ta riga ta shigo a 1789, ta kashe abin da ake ƙiyastawa ya kai rabin 'yan asalin yankin, har ana tsintar gawarwaki a kogunan dutse na bakin ruwa. Yau sunan Barangaroo na kan wata unguwa ta dogayen benaye da ofisoshin bankuna, da matsayar jirgi tata. Sunan mijinta kuma na kan tsinin ƙasar da Gidan Opera ke zaune, inda Gwamna Arthur Phillip ya gina masa ɗan ɗaki na bulo a 1790.

Yunwa ce ta haifi jirgin haya na farko. Ƙasar bakin teku ba ta karɓi shuka ba, sai da aka haura kogi zuwa Parramatta, kilomita ashirin da 'yan kai ta yamma, aka sami ƙasar noma. A 1789 fursunoni suka harhaɗa wani jirgi mai nauyin tsiya, Rose Hill Packet, ana tura shi da filafili da gora, in iska ta yi daɗi a ɗaga zane. Zuwa da dawowa kan ci har mako guda. Mai sauri sai ya gwammace ya taka da ƙafa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai cikin masu fiton farko baƙar fata ne, William Blue, wanda kowa ya sani da Billy Blue. Daga nahiyar Amurka ya fito, rayuwa ta jefa shi Landan yana dakon sauke kaya daga jirage a kogin Thames. A 1796 aka kama shi da satar ɗanyen sukari, aka yanke masa shekara bakwai na kora daga ƙasa. Ya shafe fiye da rabin wa'adin a tsare cikin ruɓaɓɓun jiragen da ake mayarwa kurkuku, bai iso Sidni ba sai ƙarshen 1801. Da ya sami 'yanci sai ya sayi kwale-kwale, yana sayar da kawa yana kuma tsallakar da mutane. Ya auri wata Baturiya, Elizabeth Williams, ita ma fursuna, a 1805. Gwamna Lachlan Macquarie ya ɗauke shi da daɗi, ya naɗa shi mai gadin tasha kuma ɗan doka a 1811, sannan a 1817 ya ba shi eka 80 a gaɓar arewa. Shekara ɗaya da wannan kyauta aka kama mai gadin tasha da kansa yana fasa-ƙwaurin barasa. Muƙamin ya tafi, fiton ya ci gaba.

A tsufansa Blue ya zama abin kallo a titin George. Yakan sa tsohuwar rigar sojan ruwa da doguwar malfa, yana jujjuya sanda, yana neman maza su sara masa, wanda ya ƙi ya sha baƙar magana. Ana kiran sa Tsohon Kwamanda, kuma ana ba da labarin cewa wani lokaci fasinja ne ke tuƙi, shi yana zaune yana ba da umarni, a ƙarshe kuma a biya shi. Ya rasu a 1834. Na daɗe ina tunanin ko wautar ta gaske ce, ko kuwa dabarar mutumin da ya gane cewa a garin da baƙar fata ba shi da gata, gara a yi maka dariya da a ji tsoronka. Ko ma wanne ne, ƙasarsa har yau Blues Point ake ce mata, kuma wanda ya sauka a matsayar McMahons Point ya ɗan taka, daga nan zai ɗauki hoton da kowa ke nema, na Gidan Opera a ƙarƙashin bakan gada.

Tururi ya iso a 1831. Shekara ɗaya bayan haka wani ya gwada jirgi mai suna Experiment, wanda dawakai ke zagaye a cikinsa suna juya ƙafafun tuƙi. Dawakan ba su ba da haɗin kai ba, aka cire su aka sa inji. Daga nan harka ta bar hannun mai kwale-kwale ɗaya ta koma hannun kamfanoni, kuma abin lura shi ne jirgin ne ke riga unguwa zuwa. Henry Gilbert Smith ya sayi fili a Manly a shekarun 1850, wuri mai nisa kusa da bakin teku, ya gina matsaya da otal, ya shata titin Corso da ya haɗa gaɓar ciki da ta babban teku, sannan ya kawo jirgi don ya kawo masa masu sayen fili. Tallar da aka daɗe ana yi wa layin tana cewa mil bakwai ne daga Sidni, amma mil dubu daga damuwa. Haka Mosman da Cremorne da Neutral Bay suka cika da gidaje, kowacce a bayan matsayarta.

A farkon ƙarni na 20 kamfanin Sydney Ferries Limited ya haɗiye yawancin kishiyoyinsa, har ya zama ana lissafa shi mafi girman kamfanin fito a duniya. A ƙarshen shekarun 1920 yana ɗaukar fasinja wajen miliyan 40 a shekara. Jiragen masu kai biyu ne, gaba da baya duk ɗaya, da ɗakin matuƙi a kowane ɓangare, saboda babu fili ko lokacin juyawa a Circular Quay. Biyu da aka ƙera a 1922, Kuttabul da Koompartoo, kowanne na cin mutum 2,250, aikinsu kawai kai da kawo a 'yar tazarar da ke tsakanin gari da Milsons Point. Motoci da kekunan doki na da nasu faffaɗan jiragen, da layi mai tsawo a kowace gaɓa. Ko da aka mayar da gidan namun daji zuwa Taronga a 1916, a irin wannan jirgi aka tsallakar da giwa mai suna Jessie, bayan ta tako ta tsakiyar gari da sassafe.

Ruwa mai wannan cunkoso ba ya rasa ranar baƙin ciki. Ran 3 ga Nuwamba 1927 da la'asar, jirgin katako Greycliffe ya tashi zuwa Watsons Bay. Jirgin 'yan makaranta ake ce wa na wannan lokacin, don shi yara ke bi in an tashi. Daura da Bradleys Head, wani ƙaton jirgin wasiƙu mai suna Tahiti, da ya kama hanyar San Francisco, ya taho ta baya ya raba shi biyu. Cikin 'yan mintoci ya nutse, mutum 40 suka mutu, har da yara. Jirgin Manly ta nan yake wucewa kullum, kuma babu wata lasifika da za ta gaya maka.

Maganar gada ta daɗe. Tun 1815 Francis Greenway, maginin da shi ma jabun takarda ya kawo shi a matsayin fursuna, ya kawo shawarar. Sai da aka shekara ɗari ana kafa kwamiti ana rushewa, kafin injiniya John Bradfield ya nace har aka fara aiki a 1923. Kamfanin Dorman Long na Middlesbrough a Ingila ya ci kwangilar. An rushe ɗaruruwan gidaje a gaɓoɓin biyu don a yi hanya, kuma 'yan haya ba su ga ko kwabo na diyya ba. Daga kowace gaɓa aka riƙa miƙo rabin baka a sararin sama, igiyoyin ƙarfe na riƙe da shi ta baya, har rabi biyun suka haɗu ran 19 ga Agusta 1930. Faɗin bakan mita 503, ƙololuwarsa mita 134 daga ruwa, ƙarfe tan 52,800, ƙusoshi kusan miliyan shida, kowacce an gasa ta ja wur an cilla wa mai cafewa da bokiti. Ma'aikata 16 suka rasa rayukansu. Hasumiyoyin dutse huɗu da ke kusurwoyin, waɗanda ido ke cewa su ke riƙe da komai, ado ne kawai, an ƙara su don hankalin jama'a ya kwanta. Kafin a buɗe, sai da aka jera kawunan jirgin ƙasa 96 a kai don a gwada ƙarfinta.

Ranar buɗewa, 19 ga Maris 1932, ta zo da nata wasan kwaikwayo. Firimiyan jihar, Jack Lang, ɗan jam'iyyar Leba, ya ce shi zai yanke ƙyalle da kansa, ba wakilin Sarkin Ingila ba. Wannan ya ɓata wa wata ƙungiyar 'yan ra'ayin riƙau mai suna New Guard rai. Wani ɗan ƙungiyar, Francis de Groot, dillalin kayan ɗaki ɗan asalin Ayalan, ya sa tsohon kakinsa na soja, ya ari doki, ya saje da 'yan rakiya. Lang na shirin ɗaga almakashi sai ga mutum ya zaburo ya sare ƙyallen da takobi. Aka janyo shi daga kan doki, aka kai shi a duba ƙwaƙwalwarsa, likitoci suka ce lafiyarsa lau, kotu ta ci shi tarar fam biyar. Aka ɗaura ƙyallen, Lang ya sake yankewa. Bai cika wata biyu ba gwamna ya tuɓe shi daga mulki kan rikicin bashi. A cikin taron ranar akwai yaro ɗan shekara tara, Lennie Gwyther, wanda ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 shi kaɗai a kan ɗan dokinsa daga jihar Victoria don ya ga gada. Kuɗin tsallakawa sisi ne ga mota, taro ga mai doki, kuma ba a gama biyan bashin ginin ba sai 1988.

Duk wanda ya taso a bakin Kwara ko Binuwai ya san abin da sabuwar gada ke yi wa masu fito. Fasinjan Sydney Ferries ya faɗo daga miliyan 40 zuwa wajen 15. An sayar da jirage, an farfasa wasu, an mayar da wasu na shagali da kiɗa da dare. Kuttabul, wanda bai wuce shekara goma yana aikin da aka ƙera shi dominsa ba, ya ƙare a hannun sojan ruwa a matsayin ɗakin kwana, a ɗaure a Garden Island. A daren 31 ga Mayu 1942 ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa na Japan guda uku suka lallaɓo cikin tashar. Ɗaya ya auna jirgin yaƙin Amurka, Chicago, ya kuskure, makamin ya fashe a ƙarƙashin Kuttabul, matasa 21 da ke barci suka mutu. Zuwa 1951 kamfanin ya ce ya gaji, gwamnatin jiha ta karɓi abin da ya rage. Layin Manly ya jure har 1974 kafin shi ma ya shiga hannun hukuma, saboda gadar ba ta rage masa nisa sosai ba.

Abin da ya sami tarago ya fi haka muni, kuma a ganina wannan ganganci ne, ba ƙaddara ba. Sidni na da ɗaya daga cikin manyan layukan taragon lantarki na kan titi a duniya, wanda a 1945 ya ɗauki fasinja sama da miliyan 400. Hukumomi suka ce zamanin mota ne. Aka tuge layuka, aka zuba kwalta, aka jera taragu a Randwick ana banka musu wuta, na ƙarshe ya yi tafiyarsa ran 25 ga Fabrairu 1961. A wannan zamani ne kuma aka ɗora titin Cahill a saman tashar jirgin ƙasa ta Circular Quay, wani shingen kankare da ya tare wa gari ganin ruwansa. A 2019 aka dawo da tarago titin George da kuɗi masu ɗimbin yawa. Riba ɗaya da aka ci ita ce garejin taragu da ke tsinin Bennelong, wanda aka rushe a 1958 aka ba Jørn Utzon, ɗan ƙasar Denmark, filin don ya gina Gidan Opera. An ce aikin zai ci dala miliyan 7, ya ci 102, yawanci daga cacar tikiti ta gwamnati. Utzon ya yi fushi da ministan ayyuka ya bar ƙasar a 1966, aka buɗe ginin a 1973 ba ya nan, kuma har ya mutu bai dawo ya gan shi ba. Daga kan jirgi ne mutum ke gane cewa rufin ba fari fat ba ne. Tayil ne sama da miliyan ɗaya, wasu masu sheƙi wasu marasa sheƙi, kuma launinsu na sauyawa da rana.

Ina da ɗabi'ar karanta sunan jirgi kafin in shiga. Wasu ƙananan, na shekarun 1980, sunayen jiragen ayarin da ya kawo fursunonin farko suke ɗauke da su, irin su Sirius da Supply da Friendship. Cikin sababbin da aka fara kawowa a 2017 akwai Pemulwuy, jarumin da ya yi shekaru yana yaƙar waɗancan baƙi har suka harbe shi a 1802. Su biyun kan tsaya kafaɗa da kafaɗa a matsaya ɗaya. Akwai kuma Catherine Hamlin, likitar da aka haifa a Sidni, ta tafi Habasha a 1959, ta ƙarar da rayuwarta tana ɗinke matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, har ta rasu a Addis Ababa a 2020. Wanda ya san abin da wannan cuta ke yi wa 'yan mata a ƙauyukanmu ba zai wuce wannan suna haka kawai ba.

Tafiyar Manly rabin awa ce, kilomita 11. Za ka wuce Fort Denison, ɗan tsibirin da aka mayar ganuwa a 1857 don tsoron Rasha, wadda ba ta taɓa zuwa ba. Can gaba, inda jirgin ke gilma ƙofar teku, ƙasa kan fara motsi a ƙarƙashin ƙafa, baƙi su kama ƙarfe, 'yan gari ko ɗaga kai daga waya ba sa yi. A bayan dutsen kudu ne jirgin Dunbar ya tarwatse a 1857, mutum 121 suka mutu, ɗaya tak ya tsira. A jikin na arewa kuma akwai tsohon sansanin killace baƙi masu cuta, wanda ya yi aiki har 1984. Manyan jiragen layin, irin Freshwater da aka fara kawowa a 1982, gwamnati ta so ta yi musu ritaya ta sa ƙanana, mutanen Manly suka yi ca, dole aka bar wasu suna aiki. Tikitin takarda ya kusa zama tarihi. Katin Opal, wanda a jirgin Neutral Bay aka fara gwada shi a ƙarshen 2012, ko katin banki, shi ake dangwalawa a ƙofa, kuma shi ne dai na bas da tarago da jirgin ƙasa, har da sabon layin da ya ratsa ta ƙarƙashin ruwan a 2024.

Layin da baƙi suka fi mantawa shi ne na Parramatta. An daina kai jirgi can a 1928 saboda kogin ya cushe da laka, sai 1993 aka dawo bayan an yashe shi an kawo jirage marasa zurfin ciki. Tafiyar ta haura awa ɗaya. Ana wuce tsibirin Cockatoo, kurkuku a da, daga baya maƙerar jirage, sai Kissing Point, kusa da inda aka binne Bennelong a 1813 a gonar wani mai dafa giya, sai filin wasannin Olimfik na 2000, daga nan kogin ya tsuke, itatuwan fadama su matso har kana iya taɓa ganye. Sai dai a duba jadawali kafin a tashi. In teku ya janye, ruwan sama-sama ba ya ɗaukar jirgi, a Rydalmere ake sauke kowa, bas ta ƙarasa da mutane cikin gari.